Sharhi kan sabis ɗin gwajin makullan tsaro na ɗakin gashin cutar daji a Kano

Akwai aikin da ake yi a ɗakin na'urar gashin cutar daji sau ɗaya a shekara wanda mara lafiya ba ya ganinsa, shugaban asibiti ma sau da yawa takardar kuɗinsa kaɗai ke isa teburinsa. Shi ne gwajin duk abubuwan da ke hana na'urar harba haske alhali akwai wanda bai kamata ba a cikin ɗakin. Wannan sharhi ya shafi sabis ɗin wani ƙaramin kamfanin injiniyoyin kayan asibiti da ke zuwa Kano yin wannan aiki. Mutum uku suke turowa: injiniyan lantarki, masanin fiziks na asibiti, da mai taimaka musu da ke riƙe da takardar gwaji. Kwana biyu suke ɗauka, Asabar da Lahadi, lokacin da babu layin marasa lafiya. Hukuncinmu a taƙaice shi ne aikinsu a kan waya da makunni ya kai a biya kuɗinsa, amma akwai wurare huɗu ko biyar da sai an rubuta musu a yarjejeniya kafin su taɓa, kuma a garinmu waɗannan wuraren ne suka fi haɗari.

Na'urar da ake magana, wadda ma'aikata ke kira linak, ƙanwar manyan na'urorin gaggauta ƙwayoyin zarra ce. Tana tura ƙwayoyin lantarki da ƙarfin megabolt (wato bolt miliyan) 6 zuwa 15 ko 18, su bugi wani ƙarfe, hasken eksire mai ƙarfi ya fito. A gudun da aka saba, wanda ke kwance a tsakiyar hasken, nisan santimita 100 daga bakin na'urar, yana karɓar kusan gire 6 a minti ɗaya (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha). Gire 4 zuwa 5 a dukkan jiki na iya kashe rabin waɗanda suka same shi idan babu magani. Wanda aka manta da shi a kusurwar ɗaki ba ya cikin hasken kai tsaye, abin da ke isa gare shi a nisan mita ɗaya kusan kashi ɗaya cikin dubu ne. To amma ko hakan, cikin daƙiƙa 10 zai iya cinye milisibat 1 (ma'aunin illar hasken ga mutum), wato iyakar da doka ta yarda wa mutumin gari a shekara guda, cikin minti uku da ɗoriya kuma ya cinye milisibat 20, iyakar shekara ta ma'aikaci. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, ita ke bayar da lasisin irin wannan ɗaki, kuma waɗannan iyakoki su take bi.

Abu na farko da ya burge mu shi ne ba sa fara taɓa komai sai sun zauna da zanen wayoyin ɗakin. Suna bin zanen su rubuta kowane makunni, kowane madanni, kowace fitila, sannan su zagaya su ga ko abin da ke takarda shi ne a bango. Sau da yawa ba shi ba ne, domin an taɓa gyara ba a gyara zanen ba. Daga nan sai su kulle bakin na'urar, su juya kanta ya kalli ƙasa, su rage gudun hasken, su tabbatar babu kowa a ciki, ɗaya daga cikinsu ya riƙe mabuɗin teburin sarrafawa a aljihunsa duk lokacin da wani zai shiga.

Ƙofa ita ce zuciyar aikin, kuma nan suka fi daɗewa. Gwajin da kowa ya sani shi ne a kunna haske, a buɗe ƙofa, a ga ya tsaya. Wannan ma'aikatan ɗakin ma suna yinsa kowace safiya. Abin da ya bambanta wannan sabis shi ne suna buɗe ƙofar a hankali da rula a hannu, su auna tazarar da ta buɗe kafin hasken ya yanke. Ƙofar tana hawa kan bango da wani faɗi don kada haske ya zurara ta gefe, saboda haka dole ya tsaya tun ƙofar ba ta bar wannan faɗin ba. Sai su mayar da ƙofar su rufe, su tsaya su gani. Idan hasken ya dawo da kansa, an faɗi gwajin nan take. Ƙa'ida ita ce sai mutum ya koma teburi ya sake kunnawa da hannunsa.

Bayan wannan sai aikin da ya fi muhimmanci. Ƙofa mai kyau makunni biyu gare ta, kowanne da layinsa, don idan ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Matsalar ita ce idan ɗaya ya mutu a manne, babu wanda zai sani, domin ɗan'uwansa yana ta yin aikin su biyu, gwajin safiya kuma kullum yana wucewa lafiya. Ana iya shekara biyu a haka, har ranar da na biyun ma ya gaza. Don haka suke yi wa makunni na farko baifas da gangan, wato su tsallake shi da guntuwar waya, su buɗe ƙofa su ga ko na biyu shi kaɗai zai tsayar da hasken, sannan su juya su yi wa na biyun. Guntayen wayar da suke baifas da su jajaye ne, dogaye, kowanne da lamba, ana rubuta shigarsa da fitarsa, kuma ba sa barin ɗakin sai an ƙirga su sun cika. Wannan tsari ya kamata kowane mai gyara ya kwaikwaya, domin baifas ɗin da aka manta a cikin akwati ya fi makunnin da ya lalace haɗari.

Suna kuma zare waya ɗaya daga layin, wanda yawanci bolt 24 ne. An gina shi ne yadda wuta ke zagayawa kawai idan komai lafiya, saboda haka waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko ɓera ya ci, na'ura ta ƙi tashi. Idan aka zare waya na'ura ta ci gaba da aiki, an haɗa layin a juye. Abin da wannan dabara ba ta kamawa shi ne wayoyi biyu su haɗe da juna, kamar inda ƙofa ta murƙushe kebul, ko bakin rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) ya narke ya manne saboda tartsatsi. Shi ya sa suke buɗe akwatin su duba irin rilen da ke ciki. Rilen tsaro na gaske yana lura da layukan biyu, idan suka saɓa wa juna ya ƙi sake tashi. A nan ne ake gano inda aka taɓa cire na asali aka sa na gama-gari da aka sayo a Sabon Gari don aiki ya ci gaba. Rilen kasuwa ba jabu ba ne, yana aikinsa a injin niƙa ko famfon ruwa, amma ba a yi shi don ya tona asirin kansa idan ya lalace ba. Darasin na'urar gashin cutar daji ta Therac-25 ke nan, wadda tsakanin 1985 da 1987 ta yi wa mutum shida mummunar ƙuna a Amurka da Kanada, bayan masu ƙera ta sun cire makullan ƙarfe da waya sun dogara da manhajar kwamfuta kaɗai.

Ƙaramin abin da muka yaba: suna duba cewa buɗe ƙofa yana yanke babbar wutar da ke tura ƙwayoyin, ba mafitarsu kawai ba. A Forbach ta Faransa a 1991, ma'aikata uku sun shiga ɗakin wata na'urar masana'anta da aka kashe mafitar ƙwayoyinta aka bar babbar wutar a kunne, ragowar ƙwayoyin da ke zurara suka ƙone su. Haka kuma suna gwada ƙaramin eksiren ɗaukar hoto da ke jikin linak, domin akan same shi yana harbawa ƙofa a buɗe saboda an manta a sa shi cikin layin.

Sai madannin mai fitar ƙarshe. Ɗakin linak ba a shigarsa kai tsaye, akwai lungu mai lanƙwasa kamar soron gidan gargajiya, wanda na waje ba ya hango tsakar gida, bangonsa kankare ne da kaurinsa kan kai mita 2 a inda haske ke bugawa. Saboda ba a ganin ciki daga bakin ƙofa, ana sa madanni can cikin ɗaki. Ma'aikacin da zai fita a ƙarshe ya duba ko'ina, ya danna, ya fito ya rufe ƙofa cikin ƙayyadadden lokaci. Kamfanin yana gwada shi ta hanya huɗu: a rufe ƙofa ba a danna ba, a danna a bari lokaci ya wuce sannan a rufe, a danna a rufe a sake buɗewa a rufe, sai kuma a manne madannin da filasta. A duka huɗun kada na'ura ta yarda ta tashi. Lokacin kuma suna auna shi da agogo sau uku. Suna da gaskiya da suke tambayar ma'aikata ko lokacin yana isarsu. Idan ya yi gajarta, ƙofa mai nauyi ba ta gama rufuwa ba ya ƙare, mutane za su gaji su nemo filasta. Idan ya yi tsawo, wani zai iya shigewa bayan an gama dubawa.

Wannan madanni ƙaramin samfurin abin da ake yi ne a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai da ke kusa da Jeniba, inda babbar na'urar gaggauta ƙwayoyi ta LHC ke zagaye kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Can mai shiga sai an duba ƙwayar idonsa, ya ratsa wani akwati da ba ya ɗaukar mutum biyu, ya zari mabuɗi ya tafi da shi, kuma ba a sakin ƙwayoyi sai duk mabuɗan sun dawo gurbinsu. Kafin a rufe sashe, 'yan sintiri suna bin ramin suna murza akwatuna ɗaya bayan ɗaya, idan aka ɓalle wata ƙofa daga baya sintirin ya rushe, sai an sake. Kowace shekara kafin a fara aiki ana gwada tsarin gaba ɗaya. Hikimar ɗaya ce da ta ɗakin asibiti, girma ne ya bambanta.

Madannan gaggawa su ne inda ake gane mai gwaji na gaskiya. Akwai su a bangon ɗaki, a gefe biyu na gadon mara lafiya, a cikin lungu, a teburin sarrafawa, da jikin akwatin babbar wuta. Duk wanda aka danna, na'ura na mutuwa, sai an sake tayar da ita an jira ta ɗumama. Saboda wannan wahala, masu gaggawa sukan danna ɗaya su yi wa sauran alamar lafiya. Waɗannan suna danna kowanne, shi ya sa rabin yinin Lahadi ke tafiya a nan. Suna duba cewa madannin ya maƙale a ciki bayan an danna, kuma sakinsa kaɗai ba ya tayar da na'ura. Suna kuma rubuta wanda kabad ko tarin kayan ɗaure mara lafiya ya tare, domin madannin da hannu ba ya kaiwa daidai yake da babu.

Fitilun gargaɗi, kyamara da na'urar magana ba sa ɗaukar lokaci. Ɗaya yana zagaya ɗakin yana tsugunnawa a kowace kusurwa, ɗaya yana kallon allo yana rubuta inda ya ɓace. Kusan kullum bayan kan na'urar ne da bakin lungu. Kada a raina ƙwan fitila. A ranar 13 ga Yuli 1978, a Protvino ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, masanin kimiyya Anatoli Bugorski ya shiga duba wani sashe na na'urar gaggauta ƙwayoyin zarra ta U-70, ƙofar ba a kulle take ba, fitilar gargaɗi kuma ta ƙone, ƙwayoyin suka ratsa kansa. Ya rayu, amma ya rasa jin kunnen hagu, rabin fuskarsa ya shanye.

Yanzu ga inda sabis ɗin ya gaza, kuma muna faɗa ne don a gyara.

Babban giɓi shi ne wuta. Takardar gwajinsu an tsara ta kamar don garin da ba a ɗauke wuta. A Kano ɗaki yana sauya hannu tsakanin wutar gari, janareta da batir sau da dama a yini. Tambayoyin da ya kamata a amsa su ne: idan wuta ta ɗauke ta dawo, shin na'ura tana mantawa da dannawar mai fitar ƙarshe ta nemi sabuwa, ko tana riƙe da tsohuwa? Kyamara da na'urar magana suna kan batir, ko suna mutuwa su bar ma'aikaci ba ya gani ba ya ji alhali linak na kan layin da bai ɗauke ba? Idan ƙarfin wuta ya ragu bai ɗauke gaba ɗaya ba, rile yana saki sarai ko yana karkarwa, wanda shi ke narkar da bakinsa? Ba sa yin wannan sai an nema. Idan an nema suna yi da kyau: su sa a kashe babban layi da gangan, a bar janareta ya karɓa, a duba kowane abu. A sa shi a rubuce.

Haɗe da wannan akwai buɗe ƙofa da hannu. Ƙofar ɗaki mai ƙarfin megabolt 15 takan ƙunshi dalma da roba mai sinadarin boron, nauyinta na iya kai tan da yawa, injin lantarki ne ke jan ta. Suna gwada bakin robar da ke tsayar da ita idan ta taɓa mutum, wannan daidai ne. Amma wajen buɗewa da hannu, injiniyansu ne ke murza hannun, ya ce lafiya. Gwajin da ke da ma'ana shi ne a kira ma'aikaciyar da ta fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikin masu aikin ɗakin, a kashe fitila, a auna mintin da za ta ɗauka ta nemo hannun ta buɗe. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris a kan layin ƙofa ta zama kamar taɓo, ƙofar da aka tura da sauƙi a watan Oktoba sai ta gagara a Fabrairu. Ƙurar nan kuma ita ke rufe idon na'urar da ke gane mutum a bakin ƙofa, ta toshe hannun makunni. Don haka shawararmu a sa gwajin shekara a ƙarshen hunturu, wajen Maris, lokacin da kayan suka fi shan wahala, ba bayan damina da komai ke a wanke ba.

Rufin ɗaki ma ba ya cikin takardarsu. Idan kan na'ura ya juya digiri 180, sama yake harbawa. A gine-ginenmu saman ɗaki wuri ne da ake son ajiye tankin ruwa, injin sanyaya ɗaki da faifan sola, kuma mai gyaran iyakwandishan zai kafa tsani ya hau ba tare da ya tambayi kowa ba, musamman a zafin Afrilu da ma'auni ke haura digiri 40 injuna suna ta tsayawa. Ko dai an yi rufin da kaurin da zai kare mutum, a auna a tabbatar, ko kuma hanyar hawa ta zama a kulle, mabuɗinta a maƙale da na teburin sarrafawa yadda ba za a riƙe duka biyun a lokaci guda ba.

Awon da suke yi a bakin ƙofa da bango yana da kyau: buɗe bakin na'ura zuwa santimita 40 a kan 40, juya ta kusurwa huɗu, auna kowane gefe. Sai dai ma'aunin eksire kaɗai suke kawowa. Daga megabolt 10 zuwa sama na'ura tana fitar da ƙwayoyin niyutiron, waɗanda ke bin lungu su iso ƙofa, kuma wannan ma'auni ba ya ganinsu. Cibiyar da na'urarta megabolt 6 ce kawai ba ta da wannan damuwa. Mai 15 kuwa ta nemi a zo da ma'aunin niyutiron, ta kuma nemi ganin takardar da ke nuna ranar da aka daidaita kowane ma'auni.

Abu na ƙarshe ba na waya ba ne, kuma shi ya fi damunmu. Wanda ya fi yiwuwa a rufe a ɗakin nan ba injiniya ba ne, ɗan jinya ne. Uwa ba ta son barin ɗanta shi kaɗai, miji ko 'ya suna rako mara lafiya su taya ta gyara sutura, tsohuwa ta roƙi jikarta kada ta tafi. Wannan tausayi ne da kunya irin tamu, ba laifi ba ne. Amma mai rakiyar da ta ja gefe ta zauna a bayan na'ura, a daidai inda kyamara ba ta gani, ba ta san ma'anar jar fitila ba, allon gargaɗin kuma da Turanci yake. Kamfanin yana duba cewa allo yana nan, ba ya tambayar ko masu shiga suna iya karanta shi. Ya kamata a rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, da hoto, a kuma sa ƙa'idar ƙirga masu shiga da masu fita da baki: mutum nawa suka shiga, nawa suka fito. Gwajin da za a ƙara mai sauƙi ne. Na'ura a kashe, mabuɗi a aljihu, a ɓoye mutum ɗaya a ɗaki ba tare da ma'aikacin ya sani ba, a ce ya yi dubawarsa kamar kullum, a ga ko zai gano shi. Masu shara da masu gadi na dare su ma a nuna musu madannin gaggawa da hannu.

Rahotonsu yana da lambobi na gaske, tazarar ƙofa da milimita, lokaci da daƙiƙa, sunan kowane makunni, ba alamar lafiya kawai ba, wannan ya sa ana iya kwatanta bana da bara. Amma yana ɗaukar makonni kafin ya iso, kuma kuɗin bai haɗa da dawowa sake gwaji bayan gyara ba. Wannan kuskure ne, domin lokacin da aka taɓa layin tsaro shi ne lokacin da ya fi buƙatar gwaji. Cibiyar da za ta ɗauke su ta nemi takardar wucin gadi mai sa hannu kafin su bar harabar, wadda ta raba abin da ke hana aiki gobe da abin da zai iya jira, ta sa jami'in kula da kariya daga radiyeshin na cibiyar ya tsaya a kan aikin daga farko zuwa ƙarshe, ta kuma rubuta cewa duk makunni ko rilen da aka canza za a dawo a gwada shi shi kaɗai, tare da ɗan'uwansa a baifas, kafin a kwantar da mara lafiya na gaba. Gwajin safiya na ƙofa, fitila, kyamara da na'urar magana kuwa yana nan a wuyan ma'aikatan ɗakin, a rubuta shi a littafi da kwanan wata da sa hannu, domin littafin ne farkon abin da masu gwajin shekara ke buɗewa idan sun zo.